Ireland da gudun taɓo: daga Limerick zuwa Leopardstown

Yau ba ƙwallo, gudu za mu yi, kuma Ireland muka nufa.

Gudun da nake nufi shi ne na ratsa daji. Ba a kan kwalta ake yin sa ba, ba kuma a cikin sitadiyam ba. Ciyawa ce da tudu da gangara, kuma a lokacin sanyi ake yi. To Ireland ƙasa ce ta ruwan sama, don haka ciyawar nan kan koma taɓo tun kafin a gama zagayen farko.

Da su aka fara. A 1903 aka yi gasar ƙasa da ƙasa ta farko a Skotland, ƙasashe huɗu kacal: Ingila, Skotland, Wales da Ireland. A 1905 gasar ta zo Baldoyle, kusa da Dublin, a filin sukuwar dawaki. Ku riƙe wannan, don a filayen dawaki suka saba karɓar baƙi.

Amma ranar da ba sa mantawa a 1979 take. Wani siririn saurayi, John Treacy, ya ci gasar duniya a Glasgow a 1978. Shekara na zagayowa sai aka kawo gasar Limerick, gida ke nan. Ku auna nauyin da ke kansa: kai ne mai kambu, ga 'yan ƙasarka sun cika fili, ga taɓo ko'ina. Ya sake cinyewa, tawagarsu ta maza kuma ta zo ta biyu a bayan Ingila. A ganina wannan ta fi azurfar da ya ci a gudun famfalaki na Olamfik a 1984 daɗi, ko da yake azurfar ce aka fi ambata.

Shekara biyu bayan Limerick, a 1981, Habasha da Kenya suka shigo gasar, labari ya sha bamban. Daga nan mata ne suka riƙe wa Ireland tuta. Catherina McKiernan ta zo ta biyu a duniya sau huɗu a jere, daga 1992 zuwa 1995. Sau huɗu fa! Sonia O'Sullivan kuwa ta je Marrakesh ta Maroko a 1998 ta kwashe dogon tsere da gajere duka.

Sai batun 2001. An ba Dublin gasar duniya, shiri ya yi nisa, sai cutar baki da kofato ta dabbobi ta ɓarke a Birtaniya. Ireland ƙasar makiyaya ce, shanu da tumaki dukiya ne babba, kuma cutar nan takalmi da tayar mota ma suna ɗaukar ta. Ina za a tara dubban baƙi a kan ciyawa? Dole aka kai gasar Ostend a Beljiyam.

A 2002 aka dawo musu da ita, a Leopardstown, wani filin dawakin. Tawagar matansu ta samu tagulla a gajeren tsere, amma ranar ta wani yaro ce ɗan Habasha mai shekara 19, Kenenisa Bekele. Ya ci kilomita 4, washegari ya ci kilomita 12, abin da babu namijin da ya taɓa yi kafinsa. Ya kuma maimaita haka har shekara biyar a jere.

Mu haɗu a shiri na gaba.