Ɗanyen Kifi: Abin Lura Kafin a Ɗanɗana

Ɗanyen kifi ba cimar ƙasar Gumel ba ce. Daga Ɗanzomo zuwa Maigatari da Gagarawa ƙasa ce ta jigawa, ba babban kogi, kifin da ake ci kuwa daga fadamun Haɗeja da Nguru ake kawo shi, yawanci banda ko soyayye, sai kifin ƙanƙara da ke zuwa daga teku cikin kwali. Ba wanda ake kai wa baki sai ya sha wuta. Amma yanzu bidiyon sushi da sashimi na Japan, abincin da ake yi da ɗanyen kifi, ya cika wayoyin matasa, ɗalibai da 'yan kasuwa kuma sukan tarar da shi a gidajen abinci na Abuja, Legas ko ƙasashen waje.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne hanyar da kifin ya bi kafin ya hau faranti. Galibi kifin teku ne da bai taɓa rabuwa da sanyi ba tun daga jirgin masunta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a daskarar da kifin da za a ci ɗanye a digiri 20 ƙasa da sifili har kwana 7, ko a digiri 35 ƙasa da sifili na awa 15 bayan ya sandare. Dalili shi ne wata 'yar tsutsa mai suna anisakis, wadda in an haɗiye ta da rai takan kafa kai a bangon ciki, ta jawo murɗa mai tsanani da amai cikin 'yan awanni. Firjin da wuta ke zuwar masa yau ta ɗauke gobe ba ya wannan aiki. Kifin ƙanƙarar kasuwa ma, wanda ya narke a hanya aka sake daskarar da shi, ba a shigo da shi don a ci ɗanye ba. Sanyi tsutsa yake kashewa, ƙwayoyin cuta masu sa gudawa kwanciya kawai suke yi, da sun ji ɗumi su farka.

Kifin kogi da na tafki, irin su tarwaɗa da karfasa, shi ne mafi haɗari. A wasu ƙasashe ta hanyar cin shi ɗanye ake ɗaukar tsutsar hanji mai kai tsawon mita 10, wadda kan jawo ƙarancin jini. A Tailan da Laos, inda cin ɗanyen kifin kogi al'ada ce, wata tsutsa da ke zama a hanyar matsarmama tana haddasa sankara bayan shekaru. A 2015 Singafo, duk da tsaftarta, ta hana sayar da kifin kogi da na tafki don a ci shi ɗanye, bayan mutane da dama sun kwanta da cutar da ta shiga jini. Kifi halal ne ko ba yanka, amma halascinsa bai wanke shi daga tsutsa ba. Lemon tsami, barkono da gishiri ma ɗanɗano kawai suke sauyawa.

Mai ciki, ƙananan yara, tsofaffi, masu ciwon hanta da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni bai kamata su kusanci ɗanyen kifi ba. Lafiyayyen da ya nace ya nemi wurin da ya ƙware a sana'ar, ya tambaya ko kifin teku ne kuma an daskarar da shi, ya ci kaɗan. Mai ƙarni ko yauƙi a bar shi. Wanda ya ji murɗar ciki, amai, zazzaɓi, ƙaiƙayi ko kumburin fuska bayan ya ci, ya garzaya asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Gumel, ya faɗi abin da ya ci da lokacin. A gida kuwa, kifi ya dahu idan zafin tsakiyarsa ya kai digiri 63, wato tsokar ta yi fari tana rabuwa da ƙaya cikin sauƙi.