Piza mai zurfi ta birnin Shikago: abincin dare daga sauran kayan miya

Duk wadda ke kasa kayan miya a kasuwa ta san damuwar marece. Rana ta yi sanyi, masu saye sun ragu, ga tumatir ya fara laushi cikin tire, tattasai ya yanƙwane, alayyahu ya kwanta. A lokacin sanyi, sa'ad da kayan lambu ke cika kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, abin da bai fita yau ba gobe sai a karyar da shi ko a zubar. Wannan ne ya sa a wannan mako muka kawo muku wani abinci na ƙasar Amurka da ke cin kayan lambu da yawa, kuma babu ruwansa da nama. Sunansa piza mai zurfi.

Asalinta

Piza dai abincin talakawan birnin Napoli ne na ƙasar Italiya: ƙullin alkama a shimfiɗe shi falan-falan, a shafa tumatir, a sa cuku, a gasa. Tanderun Napoli yana da zafi ƙwarai, ya wuce digiri 400, shi ya sa cikin minti ɗaya da rabi ta gasu. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu piza na Napoli cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Italiyawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da abincinsu. A birnin Shikago ne, cikin shekarar 1943, wasu mutum biyu, Ike Sewell da Ric Riccardo, suka buɗe gidan abincin da daga baya aka sani da suna Pizzeria Uno. A can aka fara saida piza mai zurfi, ko da yake har yau mutanen birnin na gardama kan wanda ya fara haɗa ta da hannunsa. Ita wannan ana yin ta cikin kwano mai zurfin kamar santimita 5, ƙullin ya hau gefen kwanon ya zama kamar akushi, a cika shi taf. Yanki ɗaya ko biyu sun ƙosar da babban mutum, kuma da cokali mai yatsu da wuƙa aka fi cin ta.

Wadda aka fi saye a Shikago tana ɗauke da niƙaƙƙen nama wanda galibi na alade ne. To amma akwai ta ganye zalla, musamman ta alayyahu, wadda ita ma ta yi suna a can. Ita ce muka ɗauko.

Me ya sa ake jera ta a juye?

A piza ta Napoli tumatir ne ƙasa, cuku sama. A ta Shikago kuwa cuku ne ƙasa, ganye a tsakiya, miyar tumatir a sama. Dalilin shi ne kaurinta: tana ɗaukar minti 30 zuwa 40 cikin wuta. In aka bar cuku a sama tsawon wannan lokaci ƙonewa zai yi ya taurare. Miyar tumatir ita ke kare shi daga wuta, shi kuma cukun da ke ƙasa ya tare ruwan ganye kada ya jiƙa ƙullin.

Ruwan nan shi ne babban abokin gaba. Karon farko da muka gwada a gida, ɗanyen tumatir da ɗanyen alayyahu muka zuba, muna ganin wuta za ta dafa su. Da muka yanka sai ruwa ya malale, ƙasan ya zama kamar kunu, fulawa da cukun da muka kashe wa kuɗi suka tafi a banza. Tumatir kashi fiye da 90 cikin 100 ruwa ne, alayyahu ma haka. Saboda haka duk abin da zai shiga kwanon sai an fara raba shi da ruwansa.

Kayan haɗi

Ga abin da ya ishi kwano mai faɗin santimita 25, abincin mutum 4 zuwa 5. Na ƙulli: garin fulawa giram 300, garin masara mai laushi giram 50, ruwan ɗumi kamar mililita 180, man gyaɗa babban cokali 4, yis ƙaramin cokali ɗaya da rabi, gishiri da sukari kowane ƙaramin cokali ɗaya. Na ciki: tumatir nunanne kilo 1, albasa 2, ɗanyen tattasai 3, alayyahu ɗauri 2, tafarnuwa ƙwaya 4, ganyen ɗoɗɗoya kaɗan, da cukun mozarela giram 300.

In kun duba da kyau, ban da yis da mozarela babu abin da ba mu da shi a kasuwa. Albasar Galmi da ake lodin ta zuwa Gana da Kodibuwa, idan ta soyu a hankali zaƙi take yi, kuma shi ake nema a nan. Tumatirin da ya yi laushi har mai saye ke ƙin sa shi ya fi dacewa da miyar, muddin bai ruɓe ba. Wanda ya fara wari ko fumfuna, wannan kam a zubar.

Yadda ake yi

A fara da ƙulli. A jiƙa yis da sukari cikin ruwan ɗumi minti 10 har ya yi kumfa. Ruwan kada ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, don zafi na kashe yis. A zuba fulawa, garin masara, gishiri da mai, a murza minti 4 ko 5 kawai. Ba a son a wahalar da shi kamar ƙullin burodi, domin yawan murza na sa ya yi danƙo, alhali ana son ya yi garas-garas. A rufe, a aje wuri mai ɗumi awa ɗaya har ya ninka.

Kafin ya tashi sai a yi miya. A tsoma tumatir cikin tafasasshen ruwa minti ɗaya, a ɓare bawon, a matse ƴaƴan da ruwan ciki, a yayyanka manya-manya. Kada a niƙa. A ɗora a wuta da tafarnuwa, gishiri da mai kaɗan, ba murfi, kamar minti 25, har in an ja cokali a tsakiya hanyar ta tsaya ba ta rufe ba. A sa ɗoɗɗoya a sauke.

A soya albasa da tattasai sama-sama har su yi laushi ruwansu ya ƙone. Alayyahu a turara shi minti 2, a bari ya huce, a matse shi da hannu sosai kamar yadda muke matse zogale in za a yi kwaɗo.

Sai jeri. A shafe kwano da mai sosai, a shimfiɗa ƙullin da yatsu har ya hau gefe santimita 4 ko 5. A yanka mozarela falle-falle a rufe ƙasan duka, kada a bar kafa. A zuba ganye, a rufe da miya. Mai tanderun gaz ta sa shi digiri 220, ta aje kwanon a hawan ƙasa, minti 30 zuwa 35. Idan bakin ƙullin ya yi ja, ya rabu da jikin kwanon, ta gasu.

Wadda ba ta da tanderu ta yi dabarar masu gato: a zuba yashi mai tsabta cikin babbar tukunya, a bari ya yi zafi kan gawayi, a ɗora kwanon, a rufe, a zuba garwashi bisa murfin. Wannan hanya kan ɗauki lokaci fiye da gaz, sai a riƙa dubawa daga minti 35. Bayan an sauke a dakata minti 10 kafin a yanka, don cukun ya kama jikinsa. Mai gaggawa a nan ita ke kwasar piza da ludayi.

Maganar cuku da lissafi

Gaskiya ɗaya ce: mozarela ita ce mai tsada. Daga waje ake shigo da mafi yawanta, sai manyan kantuna, kuma tana bukatar firigo. Wasu za su ce a sa wagashi ko awara. Ana iya sawa, amma mu sani ba su narkewa. Wagashi da ruwan tumfafiya ake daskarar da shi, ko an soya shi yana nan yadda yake. Abin da muka ga ya yi shi ne a raba: mozarela giram 150 a ƙasa don ta tare ruwa, a marmashe wagashi ko awara a gauraya da ganye don su ƙara auki. Cukunmu busasshe na makiyaya kuwa, a daka shi a barbaɗa bisa miya, nan ne mutanen Shikago ke barbaɗa nasu busasshen cukun na Italiya. Ɗanɗanon ba zai zama ɗaya da na can ba, amma ya ci sunansa abinci.

Ga wadda ke tunanin mai da ita sana'a, shawararmu ita ce ta fara yi wa iyalinta sau biyu ko uku. Ta rubuta kuɗin fulawa, cuku, mai da gawayi, ta raba da yanki 8 da kwano ɗaya ke bayarwa, ta ga ko unguwarta akwai mai sayen yanki a wannan farashi. Ta kuma tuna cewa abinci ne da ake ci da zafinsa, kuma cikin zafin ƙasarmu bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba tare da firigo ba. In lissafi bai fita ba, ba a yi asara ba: tumatirin da da za a zubar ya zama abincin dare, yara kuma sun ci alayyahu ba tare da an bi su da faɗa ba.

Wadda ta gwada ta aiko mana da labarin yadda ta kaya. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.