Shin Ko Kun San? Ƙwayar Da Ta Yi wa Saurayi Daidai Kan Yi wa Tsoho Yawa

Shin ko kun san ƙodar mutum kan fara rage ƙarfin tace jini tun daga wajen shekara 40? Dattijo ɗan shekara 75 da ke zaune lafiya lau a Wara zai iya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ƙodarsa ba tare da ya taɓa jin ciwon komai ba. Hanta ma aikinta kan ja baya. Shi ya sa magani ke daɗewa a jikin tsoho.

Shin ko kun san Valium, wanda ake ba tsofaffi don su samu barci, yana kwana da kwanaki a jini? Wani bincike na 1975 ya nuna jikin ɗan shekara 20 kan fitar da rabinsa cikin awa 20, na ɗan shekara 80 kuwa sai ya kai wajen awa 90. Na jiya bai fita ba, an ɗora na yau. Sai jiri, sai layi, sai faɗuwa a hanyar masallaci da asuba.

Shin ko kun san abin da ke cikin ledar "haɗi"? Tsohon masunci ya dawo daga tafkin Kainji, gwiwa da ƙugu sun riƙe, ya aiki jika kemis: "Ka ce a haɗa min na ciwon jiki." Yaro ya dawo da ƙwayoyi kala-kala a ƙulle a leda, babu suna babu kwali. Sau da yawa akwai diklofenak, ibufurofen, Feldene ko Indocid, alhali duk dangi ɗaya ne. Haɗa biyu ba ya ninka sauƙi, sai dai ya ƙara haɗarin gyambon ciki da zubar jini. In aka jefa ƙwayar deksa a ciki, abin ya ƙara muni. Tsoho kuma ba lallai ya ji zafin ciki ba. Alamar farko takan zama bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, da kasala, da fari a cikin ido. Indocid ɗin nan, ai shi wasu ke barbaɗa wa ɓeraye a abinci, amma a miƙa wa Baba shi da ruwa a kofi.

Wannan dangin magani yana kuma tayar da hawan jini, yana kumbura ƙafa, yana matse ƙoda. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da gumi ke zuba ruwan jiki ya yi ƙasa, illar ta fi sauri. Mu mutanen bakin ruwa muna da ƙarin dalilin yin hattara, domin tsargiyar da aka yi tun ƙuruciya, in ta daɗe ba magani, takan bar tabo a mafitsara, har ta taɓa ƙoda. Farasitamol ya fi sauƙi ga tsoho, in ba a wuce ƙa'ida ba.

Shin ko kun san Piriton da ire-irensa, waɗanda ke cikin magungunan mura da yawa, kan busar da baki, su ɗaure ciki, su toshe wa dattijo fitsari, su kuma rikita masa tunani? Sai iyali su ce, "Ai rikicin tsufa ne." Rikicin tsufa a hankali yake shigowa. Wanda ya ɗimauce cikin kwana biyu, a fara duba abin da ya sha, a kai shi asibiti.

Shin ko kun san Daonil, tsohon maganin ciwon suga, yana iya kayar da sugan jini ƙasa warwas, musamman ga tsohuwar da ba ta ci kirki ba ko mai azumi? Gumi mai sanyi, makyarkyata, surutai, suma. Wasu su ce iska ce. In tana iya haɗiya, a ba ta ruwan sikari nan take, sannan a wuce asibiti, domin sugan kan sake faɗuwa bayan sa'o'i.

Shin ko kun san magani kan haifi magani? Amlodifin na hawan jini kan kumbura ƙafa. Sai a ƙara Lasix don kumburin. Lasix ya kawo yawan fitsari da jiri, Iya ta fito da dare cikin duhu ta faɗi, ƙugu ya karye.

Shin ko kun san likitoci suna da jerin magungunan da ya kamata a kauce wa ba tsofaffi? Wani likitan Amurka, Mark Beers, ya fitar da shi a 1991, an kuma sabunta shi a 2023. Valium, Piriton, Indocid da Daonil duk suna ciki. Likitocin birnin Cork a ƙasar Ayalan sun fitar da nasu a 2008, suka ƙara da magungunan da tsoho ke buƙata amma ake mantawa a ba shi.

Shin ko kun san Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kuskuren magani na cinye dala biliyan 42 a shekara? A Najeriya, sai 2012 aka buɗe cibiyar farko da aka gina musamman don kula da lafiyar tsofaffi, a asibitin koyarwa na Ibadan.

Shin ko kun san lasisin mai kemis bai ba shi damar sayar da irin su Valium ba? Ba na ɗora masa laifin shi kaɗai. Wanda ke gungu ko ƙauyen Shanga, sai ya biya kuɗin jirgi ko na acaɓa kafin ya ga likita, kemis kuwa ga shi a bakin kasuwa, har bashi yana bayarwa. Amma ranar da aka samu zuwa asibitin Yauri ko na Wara, a kwashe duk abin da tsoho ke sha a leda ɗaya, na asibiti, na kemis, wanda ɗa ya aiko daga birni, har da jiƙo da tsimi, a zube gaban likita a ce, "Likita, wanne za a iya cirewa?" Mai shan kala biyar ko fiye shi ya fi buƙatar wannan.

Shin ko kun san daina wasu magungunan farat ɗaya ma haɗari ne? Wanda ya daɗe kan deksa, in ya yanke rana guda, jininsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai Valium kuma yana iya yin jijjiga. Likita ne ke rage su kaɗan-kaɗan, cikin makonni.