Karfasa: Kifin Da Muke Lalatawa A Kasko

Duk wanda likita ya taɓa gaya wa cewa jininsa ya hau, ko kitse ya yi masa yawa a jijiya, ya san maganar da ke biyo baya: a rage jan nama, a koma cin kifi. Maigida sai ya karɓi shawarar hannu bibbiyu, ya biya ta kasuwar kifi ta Galadima a Kano, ko ya tsaya bakin hanya wajen masuntan da suka fito da kamun safe daga Tiga ko Bagauda, ya cika leda da karfasa. A gida kuma a wanke ta, a marmasa mata dunƙule uku ko huɗu, a ƙara gishiri, a tsunduma ta cikin man da aka soya ƙosai da shi shekaranjiya, a bar ta sai ta soyu ƙayau. Ba wannan kifin likita yake nufi ba.

Ita karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, ba ta da laifi. Gram 100 na ɗanyar tsokarta na ɗauke da furotin kimanin gram 20, kitsen da ke ciki kuwa bai kai gram 2 ba. Yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan tsirrai na ruwa, shi ya sa ba ta tara gubar makuri kamar yadda manyan kifaye masu cin 'yan uwansu ke tarawa, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa ta cikin kifayen da mai juna biyu da yara za su ci hankali kwance. Gaskiya ɗaya dai, ba ta da man nan mai amfani ga zuciya, wato omega-3, da yawa kamar titus ko sadin, don haka kada a ce an samu karfasa an yi sallama da sauran. Amma a matsayin nama mara kitse, mai sauƙin narkewa, wanda ake samu tun daga Yawuri da Kainji har Haɗeja da Baga, da wuya a samu kamarta. Mu ne muke ɓata ta, da abu uku: mai, gishiri da hayaƙi.

Kafin a kai ga murhu akwai kasuwa, nan kuwa aikin maigida ne tunda galibi shi ke cefane. Ɗanyar karfasa ba ta ɓoye halinta. Idonta a cike yake garau, bai lotsa ba, bai yi hazo ba. A ɗaga murfin nan na gefen kanta a leƙa: ja wur ake so, in ya koma ruwan ƙasa yana yauƙi, kifin ya kwana. A danna tsokar da yatsa, in gurbin yatsan ya tsaya bai ciko ba, a ajiye wa mai ita kayarsa komai sauƙin da ya yi. Araha ba ta ado. Ƙarni daban, ɗoyi daban, kuma babu yawan tafarnuwar da ke mayar da ruɓaɓɓen kifi lafiyayye.

Akwai abin da ya fi ruɓa muni. Wasu marasa tsoron Allah suna zuba maganin ƙwari irin su gamalin a tafki ko rafi, kifi ya taso a mace su kwashe. Sinadarin da ke cikin gamalin, lindane, tun 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin gubobin da aka amince a kawar a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm. Wuta ba ta gyara kifin da ya sha guba. Idan an ga tulin kifi manya da 'yan mitsi-mitsi a cakuɗe, kuma yana tashin warin magani, a wuce. Haka abin yake ga busasshen kifi da na banda: akwai masu yayyafa masa fiya-fiya don kada tsutsa da ƙwaro su ci musu jari. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni, amma hanawa ba ta nufin ya ɓace daga hannun mutane. Tiren busasshen kifin da ke tsakiyar kasuwa, ƙuda na bin na maƙwabta shi ko guda bai sauka a kansa ba, abin zargi ne. A sami mai kifin da aka sani, a riƙe shi.

In kifi ya iso gida, uwargida, kada ki bar shi cikin leda yana jiran ki gama shara. Ki kankare ɓawon, ki datse ƙayoyin baya, ki farke cikin a hankali don kada maɗaciya ta fashe naman ya yi ɗaci. Baƙar fatar nan da ke shimfiɗe a cikin cikinta ki kankare ta tas, ki wanke daskararren jinin da ke maƙale jikin ƙashin baya, domin rabin ƙarnin yana nan ne. Lemon tsami ko ruwan tsamiya sun isa wanki. Sabulu da garin wanki ba su da hurumi a jikin abinci. Wuƙa da katakon da aka gyara kifi a kai kuwa, su ne ke buƙatar sabulun, kafin a yanka tumatir ko kabejin da za a ci ɗanye.

Sai batun gishiri, inda yawancinmu muke faɗawa ba mu sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai gram 5 na gishiri a yini, wato wajen ƙaramin cokalin shayi guda, kuma wannan ya haɗa da na cikin burodi, da na miya, da na yajin tsire, da komai. Dunƙulen da muke marmasawa kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Farin magi ma yana da sodiyam, kanwa ma haka. To wadda ta sa dunƙule huɗu a kifi biyu sannan ta ɗebo gishiri da hannu, ta kai maigida bakin iyakarsa ta yini tun bai taɓa tuwon dare ba. Sai a yi ta shan ƙwayar hawan jini ana mamakin ya ƙi sauka.

Abin takaici shi ne ba mu rasa abin sa wa abinci daɗi ba. Kafin dunƙule ya shigo ƙasar nan, da me kakanninmu suke miya? Naman karfasa ba shi da ƙarfin ɗanɗano na kansa, duk abin da aka ba shi karɓa yake, wannan kuwa dama ce ga mai hannun girki. Ki tsaga ta uku-uku a kowane gefe, tsagar ta kai kusa da ƙashi. Ki daka tafarnuwa da ɗanyar citta da albasa da attaruhu daidai ƙarfin bakin mutanen gidan, ki sa masoro kaɗan, ki matse lemon tsami, ki zuba man gyaɗa cokali ɗaya ya haɗe su. Ki cusa haɗin cikin tsagar da cikin cikinta, ki rufe na minti 20 zuwa 30. Kada ya wuce haka, domin tsami in ya daɗe yana saɓule naman ya dagargaje a wuta. Gishirin da wannan haɗi yake nema bai fi abin da yatsu biyu za su ɗauko ba, saboda tsami da yaji suna tayar da harshe, mutum bai ma lura an rage ba.

Daddawa ita ce ta fi cancantar a dawo da ita. Zaƙin miyar nan da muke nema a dunƙule, shi ne kalwa take bayarwa bayan ta ruɓa ta nuna. A daka daddawa da barkono da albasa, a dama da ruwan tsamiya mai kauri, a shafe karfasa da shi a gasa; wanda ya ci sau ɗaya zai tambaya. Masu son ɗanɗanon tsire kuma su yi yajin ƙulinsu a gida, da ƙuli-ƙuli da citta da barkono da masoro, domin na sayarwa galibi an riga an cika shi da gishiri da dunƙule. A tabbata ƙulin da cittar busassu ne masu kyau. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, ita ma suya ba ta kashe ta.

Kanumfari da kimba da gyaɗar miya na farfesu ne, kuma da awo. Kanumfari biyu ko uku sun ishi tukunya, kimba ɗaya a fasa ta a zubar da 'ya'yan in ba a son ɗaci. In suka yi yawa sai farfesun ya koma maganin mura. Kurkum na ba da launi mai kyau ba tare da an kwarara manja ba. Ɗoɗɗoya da lawashi sai an kusa saukewa ake jefa su, in ba haka ba ƙanshin ya bi tururi.

Farfesun ma shi ne hanya mafi sauƙi. A fara dafa romon da kayan ƙanshinsa har ya haɗe, sannan a jera kifin, a rage wuta, minti 10 zuwa 15 ya isa. Ba a juya karfasa da ludayi, tukunyar ake girgizawa. Wadda ta jefa yakuwa ko zogale a ciki ta haɗa miya da ganye a tukunya ɗaya.

Hanyar da na fi ganin an yi wa sakaci ita ce turarawa, alhali kusan kowane gida akwai madambaci. Abin da ke turara dambu zai turara kifi. A shimfiɗa ganyen kabeji ko na ayaba a ƙasa, a jera yankakkiyar albasa da karas da tattasai, a ɗora karfasar da ta sha haɗi a kai, a rufe ruf. Matsakaiciya tana nuna cikin minti 15 zuwa 20, naman ya fito fari sol da taushi, ruwan da ya tsatsafo kuma ya zama romon da za a zuba kan shinkafa ko dankali. Ga tsoho, ga mai ciwon suga, ga mai jego, ga wanda ya tashi daga jinya, ban san girkin kifin da ya kai wannan ba. Sai dai kada a ƙulla shi a leda a jefa cikin tafasasshen ruwa yadda wasu ke yi wa alale. Ba don zafi aka yi leda ba.

Gashi ma lafiyayye ne in an iya. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi da Ankara sun san yadda mutanen Gana ke gasa karfasar tafkin Volta, a ci ta da banku da niƙaƙƙen ɗanyen barkono da tumatir da albasa, ba tare da ta yi wanka a mai ba. Sharaɗin gashi shi ne garwashi, ba harshen wuta ba. A bari gawayi ya ruru har toka ta fara rufe shi, a ɗaga wayar gashin sama kaɗan, a shafa mata mai don kada fata ta manne. Duk inda mai ya ɗiga a wuta hayaƙi ya turnuƙe, ko nama ya ƙone ya yi baƙi ƙirin, akwai sinadaran da masana suka danganta da cutar daji. A kankare baƙin a zubar, ba shi ne daɗin ba. Samarin da ke zuwa wajen masu gashin kifi da daddare su buɗe ido su ga da me ake hura wutar. Wanda ke cinna gawayi da leda ko roba ko kalanzir alhali kifi na kan waya, hayaƙin nan a cikin naman yake sauka.

Ban ce a jefar da kasko ba. Amma a san cewa babban cokali ɗaya na mai yana da kalori wajen 120, ya zarce abin da ke cikin gram 100 na ɗanyar karfasa gaba ɗaya, kifin da aka nutsar a mai kuwa ba cokali ɗaya yake sha ba. In za a soya, a tsane kifin ya bushe, a sa mai kaɗan a kasko, a bari ya yi zafi kafin a saka, a juya sau ɗaya, a tsame a kwando. Ba a tsane shi a tsohuwar jarida, tawada ba abinci ba ce. Man da ya yi duhu, ya yi kauri, yana kumfa ko yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, ya mutu. Abin da ya rikiɗe ya zama yana cutar da jijiyoyin jini. Na san mai ya yi tsada, ba kowa ke iya zubarwa ba. Dalili ke nan da ya sa zuba kaɗan ya fi cika kasko, babu ragowar da za a yi ta juyawa mako guda, musamman da azumi da suya ke yawa.

Kowace hanya aka bi, kifin ruwa ba a cin sa da sauran rai. Masana sun sa ma'aunin nuna a digiri 63, mu da ba mu da abin awo sai mu duba wajen da ya fi kauri kusa da ƙashi: in naman ya yi fari duka yana ɓarewa da kansa, ya nuna. Abin da ya rage kada ya wuce awa biyu a waje, a zafin bazara kuwa awa ɗaya. Firjin da wuta ke zuwa masa tana ɗaukewa ba ma'ajiya ba ce. Kifin da ya narke ya kwana a ciki ya sake daskarewa, kada a yarda da shi. A sayi daidai na ci.

Yara kuma a zauna a cire musu ƙaya da hannu, a murza naman tsakanin yatsu kafin a ba su, domin karfasa na da ƙananan ƙayoyi a jere a tsakiyar tsoka da gefen ciki. In tsautsayi ya sa ƙaya ta maƙale a maƙogwaro, dabarar nan ta haɗiye ƙatuwar lomar tuwo tana iya ƙara cusa ta cikin nama, tura yatsa ma haka. Idan zafin bai lafa ba, ko yawu ya ƙi haɗiyuwa, ko an ga jini, a nufi asibiti. In numfashi ya fara sarƙewa kuwa, ba a jiran gari ya waye.