Danna sau ɗaya ka jira: abin da ke faruwa a bayan maɓallin "Aika" a inda sabis ke wahala

Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar Kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, bayan ta shafe shekaru a rufe saboda matsalar tsaro, hada-hada ta fara dawowa garin, kuma wani ɓangare nata ta waya ake yi: biyan kuɗin makaranta, rajistar jarrabawa, sayen data. Sai dai sabis a ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku yakan zo ya ɗauke. Mutum ya cike fom a shafin intanet, ya danna "Aika", shiru. Ya sake dannawa, ya kuma. Wani lokacin sai daga baya ya tarar an cire masa kuɗi sau biyu.

Shi maɓallin da kake gani hoto ne kawai. Abin da ke ba shi rai wani ɗan umarni ne da aka rubuta da JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape na Amurka a 1995. Mai gina shafi yana ɗaura umarnin a jikin maɓallin, kamar a ajiye yaron shago a ce masa: duk wanda ya ƙwanƙwasa, ka miƙa wannan takarda ciki. Mu kira shi mai jiran dannawa. Ba ya komai sai manhajar shiga intanet, irin su Chrome, ta sanar da shi cewa yatsa ya taɓa.

Matsalar ita ce yaron bai san fuska ba. Ƙwanƙwasa uku a wurinsa baƙi uku ne, sai ya miƙa takarda uku. Kuma JavaScript aiki ɗaya yake yi a lokaci guda, don haka idan waya ta daskare, dannawar da ka yi za ta iya shiga layi ta jira, da wayar ta farfaɗo a aiwatar da su ɗaya bayan ɗaya.

A ganina laifin ya fi rataya a wuyan masu gina shafukan. Layi ɗaya na umarni ya isa ya kulle maɓallin da zarar an danna na farko, ya rubuta "ana aikawa". Mai kula kuma yakan ba kowane biya lamba ta musamman, ta yadda ko buƙatar ta iso sau uku, kwamfutar kamfanin za ta karɓi ɗaya. Wanda ya gwada shafinsa a ofis a Abuja da intanet mai gudu ba lallai ya taɓa cin karo da wannan ba.

Akwai ma mai jiran da aikinsa lura da ɗaukewar sabis da dawowarsa, wanda za a iya sa shi ya adana abin da ka rubuta har layi ya dawo. Mutanen Birnin Gwari sun san darajar wannan fiye da kowa, domin a ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta sa aka katse layukan waya a sassan jihar, sai ƙarshen Nuwamba aka maido.

Masu amfani da Opera Mini su ƙara haƙuri. A yanayinsa na matse data sosai, umarnin yana gudana ne a kwamfutocin kamfanin, don haka dannawar sai ta je can ta dawo kafin ka ga sauyi. Idan harkar kuɗi ce, gara a buɗe shafin a Chrome. In ka danna ka ji shiru, kada ka sake, kada kuma ka sabunta shafin, domin hakan ma yana iya sake tura fom ɗin. Duba saƙon banki ko ragowar kuɗinka tukuna.