Ilmin da Ake Nema Ga Masu Renon Ƙananan Yara a Ƙasar Bakori

A ƙasar Bakori, kamar sauran ƙasashen noma na wajen Funtuwa da Malumfashi, al'ada ce in damina ta kankama, ko lokacin kakar masara da auduga ya yi, a bar ƙaramin yaro a hannun kakarsa ko 'yar reno. Yanzu kuwa an buɗe aji na musamman a makarantun firamare da yawa domin yaran da ba su kai shekara 6 ba. Abin da wannan takarda za ta bayyana wa hakimai da magatakardansu shi ne irin mutumin da ya cancanta a danƙa wa wannan aji.

Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin abin da Gwamnati za ta kula da shi. Sa'an nan Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, da aka sake gyara ta a 2013 sai aka ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Bisa ga manufar, mafi ƙanƙantar takardar shaida da mutum zai shiga aikin koyarwa da ita ita ce N.C.E., watau karatun shekara 3 a kwalejin horon malamai bayan sakandare. Tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda dattawa suka sani, ba ta isa ba yanzu. Har wa yau lalle ne malami ya yi rajista da majalisar rajistar malamai da aka kafa a 1993. An kuma ƙayyade kada yara su wuce 25 a hannun malami guda, in kuwa jarirai ne, kada su wuce 10.

Neman wannan takarda ba ya bukatar doguwar tafiya. Akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Katsina, da Kwalejin Isa Kaita a Dutsin-ma, ga kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1976 domin malamin da ke bakin aiki ya ƙara ilmi ba tare da ya bar ajinsa ba.

Wani zai ce, me ya kawo karatun shekara 3 a kan aikin da kowace tsohuwa ta iya? Amsa ita ce, karatu yana somawa tun kafin yaro ya riƙe littafi. Sai kunnensa ya rarrabe sautin "bari" da na "ɓari", da "kafa" da "ƙafa", kafin idonsa ya gane dalilin lanƙwasar da ke kan harafi. Malamar da aka hora ta san ta fara da tatsuniya da kacici-kacici, ta sa yaro ya maimaita labari da bakinsa, sa'an nan ta nuna masa baƙi, ta haɗa shi da wasali. Malaman allo sun riga kowa sanin wannan tsari, gama ba su kai yaro ga haɗa kalma sai ya wuce babbaƙu da farfaru. Amma yaron da ya saba da allo daga dama yake farawa, saboda haka sai an nuna masa da haƙuri cewa boko daga hagu ake tasowa. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka yaron daƙiƙi ne, ya kai masa bulala a banza.

Game da harshen koyarwa, manufar 2013 ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen gidansu, kuma a 2015 aka soma wani shiri mai suna RANA na koyar da karatu da Hausa a jihohin Katsina da Zamfara. A watan Nuwamba 2025 Ministan Ilmi na Tarayya ya ba da sanarwar komawa ga Turanci. Ko da wane harshe za a koyar, yaron Kabomo ko na Tsiga da Hausa yake zuwa makaranta, malamar da ba ta iya yi masa magana da ita ba kuwa za ta sha wuya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tura wa wannan aji malamin da aka rasa inda za a kai shi. Dattijuwa mai haƙuri tana da amfani ƙwarai wajen tsabta da lallashi, sai dai matsayinta na mataimakiya ne.

Ɗaukar malamai aikin hukumar ilmi ne, amma maganar hakimi tana da nauyi wurin dagatai da iyaye. In ya fita rangadi, ya kamata ya leƙa ajin, magatakarda kuma ya rubuta yawan yara, da takardar shaidar mai kula da su, da ko akwai littafin da yaro zai taɓa da hannunsa, a aika wa sakataren ilmi na ƙaramar hukuma.