Kyamara ta ƙi kama fuska? Duba waɗannan kafin ka kwance ta

Mai ɗaukar hoto a Magarya, Bande, Waca, Dungas ko Malawa ya san ba a maimaita ɗaurin aure don hoto bai fito ba, kuma mai neman hoton katin ɗan ƙasa ba ya biyan kuɗin fuskar da ta yi dishi-dishi. Shi ya sa hankali ke tashi idan kyamara ta fara kai da komo tana ƙara, ta ƙi tsayawa a kan fuska. Daga nan wasu sai su ɗauko sukundireba, wasu su sayar da ita a wulaƙance. Alhali sau da yawa kyamarar lafiyarta ƙalau, abin da ya hana ta aiki kuwa mai ita zai iya gyara shi cikin minti biyar, kyauta.

Yadda take saita kanta

Tun da kamfanin Konica ya fitar da C35 AF a 1977, Minolta kuma ta biyo da 7000 a 1985, kyamarori ke yin fokas da kansu. Wani ƙaramin inji ne a ciki yake matsar da gilashi gaba ko baya har sai hoto ya fito garau. Don ta san inda za ta tsaya, kyamara tana neman wurin da haske da duhu suka yi iyaka: gefen ido, bakin hula, zaren aikin riga. In babu isasshen haske ko babu wannan iyaka, sai ta yi ta lalube.

Fara da gano irin ciwon. Buɗe hoton ka ƙara girmansa. Idan bangon baya ya fito tar amma fuska ba ta fito ba, fokas ne ya sauka inda ba a so. Idan kuwa babu abin da ya fito a hoton gaba ɗaya, galibi hannu ne ya girgiza, musamman da dare. Maganinsa filasha, ƙarin haske ko ƙafar kyamara.

Abubuwan dubawa

Na farko, maɓallin da ke gefen lens mai rubutun AF da MF, ko A da M. Yakan goce cikin jaka ba a sani ba. In yana kan M, kyamara ba za ta taɓa saita kanta ba.

Na biyu, tazara. Lens ɗin 18-55 da aka sayar da kyamarorin Canon da Nikon da yawa da shi ba ya kama abin da ya fi kusa da santimita 25 zuwa 28, dogon lens na Canon 75-300 kuwa sai an ja baya mita ɗaya da rabi.

Na uku, abin da ka auna. Farar shadda, bangon da aka shafe sumul da sararin sama ranar hazo duk suna ruɗa kyamara. Zaɓi ɗigon fokas guda ɗaya, ɗora shi a kan ido, danna maɓalli rabi har ta kama, sannan ka daidaita hoton ka ƙarasa dannawa. In ka bar mata zaɓi a taron biki, wanda ya fi kusa za ta kama, ko da ba shi ne ango ba.

Na huɗu, tsayuwa ko motsi. Ga mutumin da ke zaune, sa One Shot a Canon ko AF-S a Nikon. Ga dokin hawan salla ko ƴan kokawa, sa AI Servo ko AF-C, don ta riƙa bin su.

Na biyar, ƙaramar tayar da ke jikin tagar leƙawa. Aikinta daidaita tagar da ƙarfin idon mai ɗauka. In ta juya, za ka ga komai dishi-dishi alhali hoton yana fitowa daidai.

Na shida, kashe kyamara, cire lens, ka goge ƴan ƙarafunan nan masu ruwan zinariya da busasshen ƙyalle mai laushi, ka mayar har ka ji ya yi ƙas. Ta nan lens da kyamara ke magana da juna. Ka kuma gwada da cikakken batir.

Abin da ke lalata ta da gaske

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe jihar Damagaram. Wannan ƙura ta fi gari laushi, amma tana karce gilashi. Kada ka goge lens da bakin riga ko rawani, kada ka hura da baki, don yawu na manne ƙurar. A fara da robar hura iska, sannan ƙyallen gilashi. Kada a canja lens a tsakiyar kasuwa ko filin idi. A shiga ɗaki, a kifa bakin kyamara ƙasa. Da damina kuwa laima ce abokiyar gaba: funfuna na tsirowa cikin gilashi idan aka bar kyamara cikin jiƙaƙƙiyar jaka.

Haka nan, a ƙananan lens masu arha, juya zoben fokas da ƙarfi yayin da maɓalli ke kan AF yana cinye haƙoran injin. Masu waya ma su kiyaye: a watan Satumbar 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa girgizar injin babur, musamman mai ƙarfi, tana iya raunana fokas ɗin kyamarar waya. Ɗan kabu-kabun da ke ɗaure waya a kan hannun babur a hanyar da ba ta da kwalta ya lura da wannan.

Yaushe za a je wurin mai gyara?

In ka bi duk waɗannan ba canji, ari lens ɗin abokin sana'a ka gwada. Ya yi aiki, naka ne ya samu matsala. Ya ƙi, jikin kyamarar ne. Sanin wannan kaɗai zai hana a caje ka kuɗin abin da bai lalace ba. Kai ta wurin wanda ya san kyamara a Damagaram ko Kano, ka tambayi kuɗin aiki kafin a taɓa. Kada ka kwance ta da kanka, kada garin neman gira a rasa ido: cikinta akwai wayoyi sirara da ke tsinkewa da taɓawa ɗaya, ma'ajiyar wutar filasha kuma tana iya jan mutum ko an cire batir.

Mai sayen ta hannu kuwa kada ya biya sai ya gwada ta a kan abu na kusa da na nesa, cikin rana da cikin ɗaki, ya ƙara girman hotunan ya duba da idonsa. In mai kaya ya hana gwaji, a bar masa kayansa.